Motar da Ba Ta Shan Mai

A tsakiyar hawan shiga Doguwa sabuwar motar Alhaji ta yi tari ta mutu.

Tun daga Kwanar Dangora yake cika wa matarsa baki: ƙaramin inji ne mai turbo, na'urar ƙara ƙarfi, shinshinar mai kawai yake yi. Haka ya wuce gidajen mai yana taɓe baki, ga yara da buhunan taki maƙil, ga totur a take don 'yan ƙauye su ga gudu.

Shanun noman ƙanensa, wanda kullum yake yi wa dariyar amalanke, su suka ja su har ƙofar gida, gari na kallo.

Matar ta gyara mayafi. "Gaskiyarka, Alhaji. Tun ɗazu ko ɗigo ba ta sha ba."