Ƙarar Ruwa a Mataki na Uku

Barira na rubuta tsarin ɗan wasan wayar da suke haɗawa da ƙaninta Sagir. Da ta kai mataki na uku ta rubuta: a nan ruwan sama zai sauko.

"Yaya, hukuma fa ta hana sa ƙarar ruwa a wasa," in ji Sagir. "Ni ban ma taɓa jin ta ba, rabon da a yi ruwan sama tun kafin a haife ni."

"Rabu da su! Taso ka ji."

Ta ɗebi tsakuwa ta watsa bisa rufin kwano.

Sai ga Iya Kulu, tsohuwar da suke haya tare, ta fito a guje ba ɗankwali, rungume da bokiti, tana kabbara. Ta daɗe tsaye cikin rana tana kallon sama.

Barira ta koma ɗaki ta goge layin.