Sifikar da Ke Fitar da Murya

Kiɗan bai yi nisa ba matar ta ce a cire. Wannan ma ba ta yi mata ba.

Mai shagon, wanda 'yan layin ke kira Injiniya ko da yake ba wanda ya taɓa ganin takardarsa, ya fizge wayar sifikar kamar ita ta yi masa laifi. Tun da matar nan ta shigo ko sannu da aiki ba ta ce masa ba. Ta zauna a kujerar gwaji gaban kwamfuta, ta rungume jaka, fuska a murtuke. Mutumin da suka zo tare ya tsaya a bakin ƙofa yana danna waya. Direba ne, in ji Injiniya a ransa, bai ƙara kallonsa ba.

Ya riga ya nuna mata ƙananan nan biyu da ake ajiyewa gefen allo, ta ce kukan gwangwani suke yi. Ya kawo masu fitilu ja da shuɗi, irin waɗanda samari ke rububi, ta ce ba gidan rawa za ta buɗe ba. Ya jawo masu babban akwati na ƙarƙashin tebur, ya kunna fim, bam ya tashi har gilashin kanta ya yi rawa. Ko gezau.

"Hajiya, in saye za ki yi ki saya. In yawon buɗe ido kika fito, ga hanya nan."

"Ka iya baki. Da kayanka sun kai bakinka da tuni na tafi."

Abin da ya kawo ta ba na wasa ba ne. Ɗanta ɗaya tilo yana kwance a asibiti da ɗinki a ƙeya, har yau bai iya haɗa magana ba. Da rana tsaka aka shiga gidan, tana wurin aiki, yaron ya fasa zuwa makaranta ya zauna buga gem a kwamfutarsa. Aka rotsa masa kai daga baya, aka kwashe kwamfutar da duk abin da ke jikinta. 'Yan sanda suka kama tsohon mai gadin gidan, suka ce shi ne. Tsohon da ko bokitin ruwa ba ya iya ɗagawa, shi ke kwana a bayan kanta.

Abu ɗaya gare ta a hannu. Abokin ɗan, wanda suke wasan tare ta intanet, yana naɗar wasan a lokacin. A cikin naɗin akwai wata murya, amma harbe-harben gem da kiɗansa sun binne ta. A ofishin 'yan sanda an saurara a waya, aka ce hayaniya ce kawai, ta je ta yi haƙuri. Haƙuri kuwa ya ƙare mata.

Ba ta gaya wa Injiniya ko ɗaya daga cikin wannan ba. Miƙa masa wayarta ta yi, ta ce ya daina sa mata waƙoƙinsa, nata za a gwada. Ya haɗa, ya kunna. Bindigogi suka cika shagon, ya yi tsaki.

"Ashe gem ne. Da girmanki."

"Da girmana. Akwai magana a ƙarƙashinsa, ita nake son ji. An ce min kai ne gwani a layin nan, amma na ga alama ƙarya aka yi min. Ɗan sayar da batir ne kawai."

Nan ta taɓo shi inda yake masa ciwo. Injiniya zai jure a zage shi, amma ba zai jure a raina iliminsa ba, balle a gaban maƙwabtan da suka fara leƙowa. Ya shiga zuba. Shi fa ba sayarwa kawai yake ba, har gida yake kai kaya, ya haɗa da hannunsa, ya duba ɗaki ya faɗi inda ya dace a ajiye kowace sifika. Ba ya ma zuwa sai ya tambayi lokacin da gidan yake shiru, don kunne ba ya aiki cikin hayaniya. Jahilai ne ke bin gurnani, a cewarsa, muryar mutum a tsakiyar sauti take zaune.

Ya shige ciki ya fito da wasu baƙaƙe guda biyu, ba kwali, ba leda, an ɗan yi amfani da su. Matar ta daɗe tana kallonsu, sak na ɗanta da aka sace, ta ƙara matse jakarta.

Ya jera su daidai kunnenta, ya cire akwatin ƙasa gaba ɗaya. Ya buɗe wurin daidaita sauti a kwamfuta, ya sauke gurnanin, ya rage kaifin sama, ya ɗaga tsakiya. Aikinsa ya iya, wannan kam ba a ƙwace masa. Harbin ya ja baya, kiɗan ya dushe. Aka ji ƙofa ta buɗe, aka ji kujera ta faɗi, aka ji yaro ya yi ƙara.

"Yanzu ki buɗe kunne ki sha mamaki," ya ce, ya murɗa maɓallin har ƙarshe yana kallon maƙwabta.

Mutumin bakin ƙofa, wanda ashe ba direba ba ne, ya sa wayarsa a aljihu, ya matso ya tare hanya. Matar kuwa ba sifikar take kallo ba.

"Kwashe komai, yaron nan ya san fuskata," in ji wani a cikin naɗin, tar kamar yana tsaye a shagon, kuma duk wanda ke layin nan ya shaida muryar Injiniya ce.