Kunyar Ɗan Fari a Ɗakin Sauraro

Tun da aka kafa dokar sauraro, duk mai ciki sai ta je asibiti ta ji motsin ƙwaƙwalwar ɗanta, kuma uwa kaɗai na'urar ke jiyarwa. Ɗan tayi ba ido ba kunne, amma yana ta ƙyas-ƙyas shi kaɗai. Wanda aka iske shiru, allurar saiti ake yi masa. 'Ya'yan saiti lafiyayyu ne, sai dai tare suke dariya, tare suke dainawa.

Saude cikin fari gare ta, mahaifiyarta Inna Marka ce ta rako ta. Ma'aikaciyar jinya, baƙuwa a garin, ta maƙala mata na'urar a kunne.

"Me kika ji?"

Ai kuwa ta ji, kamar yayyafi a kan rufin kwano. Amma wace 'yar mutunci ce za ta nuna ɗokin ɗan fari a gaban uwarta? Ta sunkuyar da kai.

"Ban ji komai ba."

Ma'aikaciyar ba ta yi musu ba, ta juya ta fara zuƙo allura.

Saude ta dubi allurar, ta dubi Inna, sai ta dafe cikinta da hannu biyu.

"Ƙarya nake! Ɗana yana nan, surutunsa har ya cika mini kai!"

Inna Marka ta ja mayafi ta rufe baki.

"Marar kunya," ta ce. "Ƙara ɗaga murya, kada ma'aikaciyar ta ce ba ta ji ba."