Gero Iya Gwiwa

Na'urar ɗakin bincikenmu tana tsakiyar aiki wayata ta yi ƙara. Hannunta na ƙarfe bai tsaya ba, yana ta ɗiga ruwa cikin 'yan kwalabe, yana sauya ƙwayoyin halittar iri ba tare da ɗan Adam ya taɓa ba.

Ni na kawo mata geron Babanmu daga garinmu Runka. Abu ɗaya na nema: ya nuna da wuri, don Baba ya rage zaman gona a wannan zamani na 'yan bindiga. Ta gwada dubbai, ta zaɓi mafi sauri da kanta. Gajere ne, iya gwiwa, amma zangarniyarsa cike take fam. Bana rabin gari shi suka shuka, har ana kiransa da sunana, geron Jannat.

Ƙanwata Saude ce a wayar, muryarta a dishe.

"Yaya, sun shigo da la'asar."

"Innalillahi! Kun tsira?"

"Mun ruga gona, kamar kullum."

Na sauke ajiyar zuciya. Duk damina, da an ji babura, cikin gero mutanenmu ke shigewa su kwanta. Karan ya fi ƙato tsawo, uwa ma ba ta hango ɗanta.

"Alhamdulillahi. Ba ni Baba."

A bayana na'urar na ta ɗiga, tana shirya irin da za a kai garuruwan Zakka da Batsari.

"Saude, ba ni Baba mana!"

"Yaya," ta ce a hankali, "geronki bai rufe kowa ba."