Hedimasta da Alƙalin Wasa

A minti na talatin da takwas aka ba ɗan bayan ƙungiyar garinsu jan kati, Hedimasta ko ɗago kai bai yi ba. Ya dai ƙara wa rediyon murya, ya gyara zaman gilashinsa, ya ci gaba da rubutu.

"Dama na faɗa," ya ce, shi kaɗai a ɗaki. "An sayar da mu."

Shekara arba'in ke nan yana bin ƙungiyar ƙwallon garinsu. Ya bi ta a ƙafa, ya bi ta a bayan motar kaya, ya taɓa baro takalminsa ƙafa ɗaya a turmutsitsin ƙofar fili. Abin da ya tsira da shi hawan jini ne da kofi guda, shi ma kofin tun 'yarsa Auta ba ta zo duniya ba. Yanzu ya daina zuwa kallo. Rediyo ya fi masa, ko ba komai ba ya ganin fuskar 'yan wasa lokacin da suke yin kamar suna ƙoƙari.

Yau in suka sha kashi, sun faɗa rukunin ƙasa.

Takardu ashirin da huɗu ne a kan teburinsa, duk iri ɗaya, layi-layi da gurabe, ga kuma wata 'yar falle a gefe da yake kwafo lambobi daga ciki. Kyan rubutu ne ya ja masa. Duk ma'aikatar ilimi an san ba ya kankarewa, bakwai ɗinsa ba ta taɓa kama da ɗaya ba. Wanda ya kawo ambulan ɗin da safe ko zama bai yi ba, cewa ya yi zai dawo kafin faɗuwar rana.

Ana hutun rabin lokaci Auta ta shigo da kofin shayi. Ya jawo tsohuwar jarida ya rufe aikinsa.

"Baba, har an yi hutun makaranta ba ka huta ba?"

"Aiki ne, 'yar nan."

Ta ajiye kofin, ta zaro katin zaɓenta daga aljihu tana kaɗa masa a fuska. Na farko ke nan a rayuwarta. Wata biyu tana bin gida-gida da ƙawayenta suna yi wa Likita yaƙin neman zaɓe, matar nan da ta ce za ta gyara famfon unguwa da ɗakin haihuwa.

"Gobe ni ce ta farko a layi. Ka zo mu tafi tare mana."

"Sau bakwai ina dangwalawa," ya ce. "Kwatar ƙofar gidan nan tana nan yadda na gaje ta. Masu fasta dai ke sake hula. Da zaɓe da ƙwallo uwarsu ɗaya, ku yi ta ihu a rana, su sun gama magana a inuwa."

"To kai da ka san haka, me ya hana ka kashe rediyon?" ta ce tana dariya. "Shekara arba'in ana dukanku, kullum kana manne."

Ta fita tana waƙar Likita.

Ya daɗe bai ɗage jaridar ba. Tsohon malamin lissafinsu ya faɗo masa a rai, mutum mai taurin kai, wanda ya taɓa ce wa na sama a'a sau ɗaya tak. An tura shi wata makaranta da ba rufi, daga can aka sallame shi, yanzu yana faci a bakin titi, in sun haɗu kowa sai ya kau da kai. Shi kuwa shekara biyu ta rage masa ya yi ritaya, ga uwar Auta da ciwon ƙoda. Ya ɗauki biro.

Da aka dawo, yaran suka ba shi mamaki. Su goma suka tsare gida kamar ransu ke ciki. Minti saba'in, ba ci. Tamanin, ba ci. Canjaras ya ishe su tsira. Hedimasta ya tsinci kansa a tsaye, hannu ɗaya a kan rediyo, bakinsa na motsi da addu'ar da ya rantse ya daina yi wa ƙwallo.

A minti na casa'in da uku ɗan wasan baƙi ya zube a gaban raga. Mai sharhi ya ce ko iska ba ta taɓa shi ba. Alƙali ya busa fenariti, aka buga, ta shiga.

Hedimasta ya cire gilashi ya jefa a kan gado.

"Marar kunya! Mutum da 'ya'yansa! Ka fito daga gida da sakamako a aljihu, ka bar dubban mutane suna sa rai? Da wane ido za ka kalli iyalinka yau?"

Ya zauna, ya share fuska da gefen riga. A tsakar gida Auta na goge kayan da za ta sa gobe, a waje kuma wata mota ta tsaya, aka danna hon sau biyu.

Takarda ɗaya ta rage. Ya cike gurbi na farko, ɗari huɗu da tara. Na biyu, sittin. A na uku 'yar fallen ta ce sifili. Biron ya tsaya a sama, da ma a ce ko ɗaya ce. Aka sake danna hon.

Ya zana sifilin da kyau a gaban sunan Likita, ya sa hannu a ƙasan sakamakon rumfar zaɓen unguwarsu, sannan ya rubuta kwanan watan gobe.