Kumfa a Cikin Sirinji

"Girgiza ruwan nan har ya yi kumfa, Sista," in ji likitan.

Ta tsaya cak. Shekara ashirin tana ɗalla sirinji da farce don korar kumfa, tana tsawata wa ɗalibai cewa iska a jijiya ajali ce. Yau an ce ta haɗa ta da hannunta, ta ɗura wa ƙanenta, telan Ƙofar Marusa da haki ya raba da kekensa.

"Likita, cikinmu ɗaya fa."

"Ƙananan kumfa ne, jini zai shanye su. Injin hoton zuciyar nan da kuɗin fetur ya kawo mana, sai da su yake gani."

Ta kaɗa ruwan gishirin yadda uwarsu ke kaɗa nono a ruga, har ya yi fari fat. Ta yi bisimilla, ta tura.

A allon injin, farin gajimare ya cika gefen dama na zuciyar. Sai ɗigo uku suka sulale hagu.

"Ga ta nan! Huda ce a zuciyar, kuma tana ɗinkuwa!" in ji likitan.

Telan ya ɗago kai, yana dariya cikin haki.

"Yaya, ɗinki kawai? Ashe aikinmu ne."