Idon Ruwan Evaristo

Evaristo na kafta diga a ƙasa, sai ruwa ya yi tsartuwa ya wanke masa fuska.

"Ofelia!" ya ƙwala wa matarsa kira. "Zo ki gani! Ke da kika ce tsohuwar taswira ba ta da amfani sai ƙunshe barkono!"

Tun da rijiyarsu ta fara ja baya shanunsa ke ramewa a wannan ƙeƙasasshen daji na New Mexico. Shi ne ya zaro taswirar zamanin kakansa, ya bi zanen tudu da kwari har inda aka ɗiga alamar idon ruwa, dab da shingen maƙwabcinsa Wendell.

Yana cikin taka rawa a taɓo, sai ga Wendell a kan doki, yana huci.

"Kai mahaukacin ina ne? Idon ruwan nan ya ƙafe tun ba a haife mu ba! Bututuna ka fasa!"

Evaristo ya cire hula zai ba da haƙuri.

Ofelia ta leƙa ramin. "Tsaya tukuna, maƙwabci. Me ya sa bututun naka ya miƙe zuwa rijiyarmu?"

Wendell ya juya kan dokinsa a hankali.

"Af! Na bar wake a kan wuta," in ji shi.